Buhun Gida da Buhun Kasuwa

Shekara 19 ke nan ina sana'ar wake a Kumasi. Na zo ina yaron shago, ina auna wa mata masu waakye da olonka, har Allah Ya sa na kama sitona. A cikin waɗannan shekaru akwai wata al'ada da na tarar ana yi, ni ma na bi sahu ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Duk ranar da kaya suka sauka, ko daga Ejura, ko Techiman, ko waɗanda suka ƙetaro daga Maradi, kafin a yi wa sito magani sai a ware buhu ɗaya ko biyu a jingine a gefe. Wannan na gida ne, ba a taɓa shi da komai. Sauran kuwa na kasuwa ne, su ake yayyafa wa fiya-fiya a ɗinke.

Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce ga amfanin ware buhun gida. Maigidana da ya koya mini sana'a haka yake yi, maƙwabtanmu na layi haka suke yi. Amma in za a faɗi gaskiya, duk mun san dalili. Mutum ba ya ware wa 'ya'yansa abinci daban sai in yana shakkar wanda yake sayar wa 'ya'yan wasu.

Wata safiya, kimanin shekara 6 da suka wuce, na raka autana makaranta saboda ranar ba wanda zai kai shi. Yana da shekara 7 a lokacin. Muna isa bakin layi ya ja hannuna zuwa wurin wata baiwar Allah mai koko da ƙosai, ya ce a nan yake karyawa kullum. Tana ganina ta washe baki ta ce, "A'a, Alhaji, yau kai da kanka? Ai wakenka ne muke soyawa. Shekaranjiya yaronka ya auna mini." Ta ƙara wa yaron ƙosai biyu kyauta saboda ni.

Na tsaya ina kallonsa yana ci. Na san buhun da aka auna mata. Na san ranar da aka yi masa magani, domin ni na riƙe kwalbar, kuma bai cika mako ɗaya ba.

Daren da ban runtsa ba

Kwana uku bayan haka yaron ya tashi cikin dare da amai da zazzaɓi, jikinsa sharkaf da gumi. Muka ɗauke shi zuwa asibiti. Likitar da ta duba shi ta yi tambayoyin da suka saba yi: me ya ci, yaushe abin ya fara, akwai maganin ƙwari a gidan da zai iya kai hannu? Uwargida ta ce babu, ai Alhaji ba ya kawo irin waɗannan abubuwa gida. Ni kuwa bakina ya mutu. Gaskiya ta faɗa, ba na kawowa gida. Kasuwa nake kaiwa, kasuwa kuma ta kawo mini har bakin ƙofa.

Da gari ya waye sakamakon jini ya fito, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Aka ba shi magani, cikin kwana huɗu ya koma wasansa. Don haka ba zan ce wake ne ya kwantar da ɗana ba, ba shi ba ne. Amma daren nan da na kwana a kan bencin asibiti ban san ko ni ne sanadi ba, ba na yi wa ko maƙiyina fatan irinsa. A hanyarmu ta komawa gida na gaya wa uwargida komai. Ta yi shiru har muka kusa isa, sannan ta ce, "To Alhaji, su 'ya'yan mai ƙosan ba su da uwa ne?"

Daga ranar na fara bin diddigin abin da muke zuba wa abinci. Na tambayi malaman gona, na tambayi masu sayar da magungunan feshi masu lasisi, na sa babban ɗana yana karanta mini abin da ke jikin kwalabe. Abin da na tattara shi nake son in raba da 'yan uwana 'yan kasuwa da iyayen gida, duk inda zango ya kai mu.

Me ya sa muke yi?

Kafin a zage mu, a ji ta bakinmu. Ƙwaron wake ba abin wasa ba ne. Tun daga gona yake shiga, ya yi ƙwai a jikin ƙwayar, tsutsar ta huda ta shige ciki tana ci, cikin mako uku zuwa huɗu na zafi ta zama ƙwaro ta fito ita ma ta yi nata ƙwan. Buhun da ka ajiye garau a kaka, in ka buɗe shi bayan wata biyar ko shida sai ka tarar da huji da gari da wari. Galibinmu kuma da kuɗin mutane muke juyawa, wani bashi, wani amana daga gida. In ƙwaro ya cinye sito, ba riba kaɗai ta tafi ba, har da mutunci. Tsoron wannan ne ke sa mutum ya kai hannu ga kwalba. Tsoron gaskiya ne, amma maganin da muka zaɓa masa ne bai dace ba.

Abubuwa uku da ke yawo a sitocinmu

Na farko fiya-fiya. Sinadarin da ke ciki shi ne wanda ake rubutawa DDVP a jikin kwalba. Aikinsa shi ne ya rikita jijiyoyin ƙwaro har ya mutu, kuma irin wannan aikin yake yi a jikin ɗan Adam in ya shiga da yawa: dalalar miyau, gumi, amai, gudawa, ƙanƙancewar ƙwayar ido, sarƙewar numfashi. Ba a yi shi don a yayyafa a kan abin da za a ci ba. A ƙarshen 2018 wani bidiyo ya karaɗe wayoyi a Najeriya yana nuna 'yan kasuwa suna zuba Sniper a wake, hankalin jama'a ya tashi. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Mu da muke cikin sana'ar mun san bidiyon bai nuna wani sabon abu ba.

Na biyu ƙwayar da muke kira bom, wadda ake sayarwa da sunaye irin su Phostoxin. Ita idan ta haɗu da danshin iska sai ta saki wata iska mai guba da ake kira fosfin. A ƙa'ida aikin ƙwararru ce: a rufaffen sito nesa da wurin kwanan mutane, a naɗe ƙwayar yadda garinta ba zai taɓa hatsi ba, a bari kwanaki, sannan a buɗe iska ta ratsa, a kwashe garin a binne. In an yi haka ba ta barin wani abin kirki a jikin hatsi. Mu kuwa sai mu jefa ta tsirara cikin buhu, mu jingine a ɗakin da yaran shago ke kwana. A watan Afrilun 2018 yara uku 'yan gida ɗaya suka rasu a Accra bayan an sa irin wannan ƙwaya a ɗaki don kashe ƙwari. Ita wannan iska ba ta da makari a asibiti, sai dai a yi ta tallafa wa mai jinya a roƙi Allah.

Na uku gamalin, wanda sinadarinsa lindan ne. Shi ya fi sauran naci, domin ba ya saurin narkewa. Yana taruwa a kitsen jiki, yana fita har a nonon uwa. A 2009 aka sa shi cikin jerin sinadaran da yarjejeniyar Stockholm ta haramta amfani da su a noma, a 2015 kuma cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin abubuwan da ke haddasa daji ga ɗan Adam. A 2008 ɗalibai mata sama da 100 aka kwasa zuwa asibiti daga wata makarantar kwana a Doma, jihar Gombe, bayan sun ci wake, kuma lindan aka gano a ciki.

'Yan uwanmu na Parakou da Kandi da Malanville su ma suna da nasu labarin. A daminar auduga ta 1999 zuwa 2000, maganin auduga mai suna endosulfan ya kashe mutane da dama a yankin Borgou na Benin, yawancinsu ta hanyar abinci, saboda an karkatar da shi zuwa gonakin masara da kayan lambu, ko an zuba abinci a mazubinsa. Ƙasashen Sahel suka haramta shi a 2007, duniya ta bi baya a 2011. Darasin ɗaya ne: maganin da aka yi don auduga ko koko, ba na tukunya ba ne.

Ba wake kaɗai ba

Da na fara buɗe ido sai na ga kowace sana'a da nata buhun gida. Masu goro sun san yadda ake fama da tsutsar goro, kuma sun san abin da wasu ke yayyafawa a huhu kafin ya kama hanyar arewa. Goro kuwa ba a dafa shi, daga hannu sai baki. Masu busasshen kifi sun san dalilin da ya sa wani kwandon ƙuda ba ya sauka a kai. Masu ayaba da mangwaro sun san kabaid, wato dutsen nan na masu walda, da ake cusawa cikin kaya su nuna dare ɗaya. Hukumomin abinci na Ghana da Najeriya sun sha jan kunne a kansa saboda dattin guba da ke tattare da shi. A 2015 hukumar FDA ta Ghana ta sanar da gano rinin Sudan IV a manjan da ake sayarwa a kasuwannin Accra, rinin da aka yi don fata da man takalmi, ana zuba shi don manja ya ƙara ja.

Sai kuma lambu. Kowace kwalbar feshi mai rajista tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi na ƙarshe da tsinka. Manomi da yawa ba sa karatu, wasu kuma sun sani amma mota ta zo, farashi ya yi kyau, sai a fesa yau a tsinke gobe. Tumatir, attaruhu, kabeji da latas su suka fi shan wannan.

Ka ga ke nan, ni na ware wake, mai goro ya ware goro, mai kifi ya ware kifi, amma da yamma duk a kasuwa ɗaya matanmu ke cefane. Kowa ya tsira daga gubarsa ya faɗa ta maƙwabcinsa. Hausawa suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Har a aljihu abin ya taɓa mu. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya saboda DDVP. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo, amma an sami kayan da ya kai miligiram 4.6, wato ninki 460. A 2016 suka ƙara wa'adin da shekara uku, daga baya ma aka sake ƙarawa. Mai gaskiya da marar gaskiya duk ƙofa ɗaya aka rufe musu. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, an faɗa tun kafin a haife mu.

Buhu mai ciki uku

Abin da ya fitar da ni shi ne buhun PICS, wanda wasu ke kira buhu mai ciki uku. Na sha ganinsa ina raina shi, ina cewa leda ce kawai. Asalinsa aikin masana ne na jami'ar Purdue ta Amurka tare da masu binciken noma na arewacin Kamaru, a yankin Maroua, tun ƙarshen shekarun 1980. Daga 2007 aka fara yaɗa shi sosai a ƙasashenmu, kuma cibiyar INRAN ta Maradi ta yi aiki mai yawa a kansa. Leda biyu ne masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. Ba magani ko ɗigo. In ka ɗaure shi da kyau, ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shanye iskar da ta rage, sai su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu.

Ga yadda nake yi. Na farko wake ya bushe ƙarau, in ka ciza ya ce ƙas. A sheƙe shi a fitar da tsakuwa da kara, don su ke huda leda. Kafin a zuba, a hura iska cikin kowace leda a matse a ga ko tana yoyo. A zuba wake cikin ta farko, a girgiza ya zauna, a matse iskar da ke sama, a murɗe baki a lanƙwasa a ɗaure. Sannan a ɗaure ta biyu daban, sannan buhun waje daban. A ɗora a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango, kuma kada a riƙa buɗewa ana leƙawa.

Shekarar farko na yi asarar buhu huɗu, kuma laifina ne. Biyu ɓera ya huda, biyu kuma masu dako suka caka musu ƙugiya wajen saukewa don ban gargaɗe su ba. Da leda ta huje, aikin ya lalace. Tun daga nan na share sito, na toshe ramuka, na hana ƙugiya. Kuɗin buhun a wurina bai wuce na olonka ɗaya ko biyu na wake ba, kuma in an lallaɓa shi yana yin kaka biyu ko uku. Da na yi lissafi, abin da nake kashewa a kwalabe da ƙwayoyi da kuma waken da ƙwaro ke ci duk da maganin, ya fi haka.

Mai kaya kaɗan ba sai ya nemi buhun ba. Jarka mai murfi da ta bushe sarai, ko durom mai rufuwa ruf, aiki ɗaya suke yi, muddin an cika su har baki kuma ba a taɓa zuba mai ko magani a ciki ba. Dabarar kakanninmu ta toka ma tana nan: a tankaɗe tokar itace, a gauraya mudu na toka da mudu na wake, a rufe sama da toka. Akwai kuma shanya mai ƙarfi: baƙar leda a ƙasa, wake a baje sirara, farar leda mai haske a sama, a naɗe gefuna a bari awa biyu cikin tsakar rana. Zafin yana kashe ƙwai da tsutsa. Wanda kuma girman sitonsa ya sa dole sai ya yi magani, ya je wurin mai lasisi ya nemi hodar da aka yi wa rajista musamman don ajiyar hatsi, ya bi awo da kwanakin da aka rubuta, ba awon ido ba.

To, batun oganik fa?

'Yata da ke karatun jinya ita ta fara kawo mana wannan kalma gida. A ƙasashen Faransanci biyo suke cewa. Ma'anarta abincin da aka noma ba tare da takin zamani ko maganin feshi na kamfani ba, kuma akwai wanda ya bi sawu ya tabbatar. Wannan tabbatarwar ita ce gishirin zancen. A Burkina Faso akwai tambarin BioSPG, inda manoma da masu saye ke haɗuwa suna duba gonakin juna. A Ghana ma akwai irin wannan tsari, ga kuma tambarin Green Label, wanda ba oganik ba ne, amma yana nuna an bi ƙa'idar feshi da tsafta.

Abu uku nake son a riƙe. Na ɗaya, "daga ƙauye aka kawo" ba shi ne oganik ba. Yau ba ƙauyen da maganin ciyawa bai kai ba, a nan har suna suka ba shi, kondem. Na biyu, kalmar ba ta da tsada a baki, kowa na iya rubuta ta a kwali ya ninka farashi. In ba tambari, ba ka kuma san gonar ba, cinikin biri a sama ne. Na uku, oganik ba ya nufin an tsira daga komai. Latas ɗin da aka shayar da ruwan kwata ko aka sa wa ɗanyen taki zai ba ka gudawa ko da bai taɓa ganin feshi ba. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar afulatoksin mai lalata hanta, kuma ita ba daga kwalba take zuwa ba, daga danshi ne.

Iyali mai bakuna goma ba zai iya sayen komai oganik ba, kuma kada tsoro ya sa a daina ba yara kayan lambu, domin rashin cinsu ya fi ragowar feshin illa. Abin da muka yi a gidanmu shi ne zaɓe. Abin da ake ci ɗanye da ɓawonsa, kamar latas, kabeji, kokwamba, tumatir da karas, shi muke nema daga hannun wanda muka sani. Mai kaurin ɓawo da ake ɓarewa, kamar lemu, abarba da kankana, ba ma damuwa sosai. Sannan uwargida ta jera tsofaffin bokitai a bayan ɗaki ta shuka alayyahu, ayoyo, yakuwa da attaruhu, ga zogale biyu a jikin katanga. Gidan haya ne, amma miyar ganyenmu ta kwana uku a mako daga nan take fitowa. In ƙwari sun taso, ruwan jiƙaƙƙun 'ya'yan darbejiya take fesawa.

Ni kaina ba na ce wa kowa wakena oganik ne. Ban san abin da manomi ya fesa a gona ba. Abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne daga ranar da ya shigo hannuna ba abin da ya taɓa shi.

A madafa

Ga abin da uwargida ta ce lallai in rubuta wa 'yan uwanta mata. Kafin ki sayi wake, ɗebo ki shinshina daga tsakiyar buhu, ba daga sama ba. In kin ji wari kamar na kananzir ko tafarnuwa, ko kin ga farin gari mai toka-toka, ki wuce. Ki tambayi mai kaya kai tsaye da me ya ajiye. Mai buhu mai ciki uku zai nuna miki ledar da alfahari. Da kin kawo gida, ki baje shi a rana ya sha iska, ki wanke sau biyu ko uku, ki tafasa ki zubar da ruwan farko. Wannan yana ragewa, ba ya kawar da duka, musamman irin su gamalin.

Kayan lambu a wanke su a ruwa mai gudu ana murzawa da hannu, ba a tsoma a roba ɗaya a tsame ba. A cire ganyen waje na kabeji da latas a zubar, a kankare karas, a fere kokwamba. Ban da omo ko sabulu, su ma ba abinci ba ne. Wani bincike da aka yi a jami'ar Massachusetts ta Amurka a 2017 ya nuna jiƙa tuffa minti 12 zuwa 15 a ruwan da aka sa wa ɗan bekin soda yana cire yawancin feshin da ke saman ɓawo. Amma wanda ya riga ya ratsa ciki, ba wankin da ke fitar da shi. Ayabar da jikinta ya yi ɗorawa shar amma hancinta kore ne, ciki kuma ba zaƙi, a yi hattara da ita. Gara a sayi ɗanya a rufe ta a buhu tare da nunanniya guda, za ta nuna da kanta.

Kada a taɓa zuba ruwa, mai ko gishiri a mazubin magani, komai wankinsa. In za a sayi maganin ƙwari, a duba zanen launi a gindin takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai ɗorawa, sai shuɗi, sai kore. Wanda aka ɗura a kwalbar lemo ba takarda, a bar shi inda aka gan shi.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, wani ya sha ko ya shaƙa, kada a ɓata lokaci wajen ɗura masa manja ko madara, kada kuma a sa shi amai da ƙarfi, yana iya sarƙewa ya shiga huhu. A fitar da shi iska, a cire kayan da suka jiƙe, a wanke fatar da ruwa, a ruga asibiti tare da kwalbar ko takardarta. Guba irin ta fiya-fiya tana da allurar makari, amma sai likita ya san abin da aka sha.

Buhu ɗaya

Ban zama attajiri da wannan canji ba. Ba wanda ke biyana ninki don na bar magani. Abin da na samu shi ne masu waakye da masu ƙosai na unguwarmu sun riƙe ni, domin a gabansu nake kwance leda, su sa hannu su shinshina. A layinmu mutum huɗu sun bi, sauran suna cewa sai sun gani. Wani dattijo da nake jin nauyinsa ya ce mini, "Yaro, mu da muka ci wannan waken shekara 40 ga mu da ranmu." Na ce, "Haka ne, Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Amma naka na gida, ana yi masa?" Ya yi dariya ya kawar da kai, bai amsa ba.

Malamanmu kullum suna jan kunne a kan algus da ɓoye aibin kaya, mu kuma muna ɗauka zancen tauye mudu ne kawai ko zuba tsakuwa. Aibin da ido ba ya gani ya fi wanda ake gani nauyi, domin mai saye ba shi da yadda zai kare kansa sai amanarka.

Mai ƙosan nan har yanzu a wurina take saye, autana kuma har yanzu a wurinta yake karyawa. A sitona yanzu ba buhun da ake jinginewa a gefe. In wake ya ƙare a gida, uwargida takan aiko yaro, in ce a auna masa daga duk wanda ke buɗe.

Allah Ya ba mu halaliya, Ya tsare mana zuriya, Ya mayar da kowane matafiyi gida lafiya.